Yadda Ake Tafiyar Zango da Iyali a Mota Zuwa Dazuzzukan Bakin Teku

Duk tafiyar da ta haɗa mota, tanti, daji da teku tana da masu mulki biyu, kuma direba ba ya cikinsu. Na farko teku ne. Shi ke faɗin lokacin da rairayi zai buɗe a taka, da lokacin da ruwa zai dawo ya rufe hanyar da aka bi aka shiga. Na biyu shi ne mafi ƙanƙanta a cikin yaran. Ƙafarsa ke yanke nisan da za a yi a daji, haƙurinsa kuma ke yanke awoyin da za a yi a mota. Iyalin da suka tsara tafiyarsu a kan waɗannan biyun sukan dawo da marmarin komawa. Waɗanda suka tsara ta a kan yawan wuraren da suke so su leƙa sukan dawo a jigace, yara ba sa ma son a sake yi musu zancen tanti.

Zaɓen hanya

Ku fara da taswira, ku nemi gaɓar da daji ke gangarowa har kusa da ruwa. A irin wannan wuri ne ake samun inuwar itatuwa da rairayi ba tare da doguwar tuƙi a tsakaninsu ba. Duniya na da irinsu da dama. A yammacin Amurka, hanya mai lamba 101 ta ratsa arewacin Kalifoniya, inda itatuwan redwud suke, waɗanda babu itacen da ya kai su tsawo a doron ƙasa, ta wuce ta gaɓar Oregon har jihar Washington. A Afirka ta Kudu akwai Garden Route da dajin Tsitsikamma, inda Kogin Storms ke faɗawa teku ta tsakanin duwatsu. A kudancin Ostireliya akwai Great Ocean Road, mai tsawon kusan kilomita 240, wadda sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya suka gina tsakanin 1919 da 1932, tana bi ta gefen dajin Otway. Ku tuna cewa ƙasashen kudancin duniya lokacin zafinsu daga Disamba ne zuwa Fabrairu, akasin na arewa.

Ko wacce kuka zaɓa, kada ku kwana ɗai-ɗai kuna tashi. Kafa tanti da kwance shi tare da yara na cinye rabin yini, saboda haka kowane zango a ba shi kwana biyu ko uku. Tafiyar mako guda ta fi daɗi da zango biyu, uku in an matsa. Tsakanin zango da zango kada tuƙi ya wuce awa uku zuwa huɗu. Hanyoyin gaɓa kwana-kwana ne, ga hazo, ga manyan motoci masu jan gidan kwana da ba sa sauri, don haka lokacin da taswirar waya ta nuna muku ku ƙara masa kashi ɗaya cikin uku.

Ku kama wuri tun da wuri. Wuraren zango na gandun daji da ke kusa da ruwa su ne ke fara cika. A Amurka, da yawa daga cikin na gwamnatin tarayya ana buɗe rajistarsu a shafin intanet na Recreation.gov wata shida kafin ranar, kuma masu kyaun ba sa daɗewa. Kafin ku biya, ku tambayi abu biyar: akwai ruwan sha, akwai bayan gida, an yarda a hura wuta, waya na kamawa, kuma asibiti mafi kusa yana da nisan nawa. Idan wannan ce tafiyarku ta farko, zangon farko ya kasance kusa da gari, domin duk abin da aka manta a daren farko ake ganewa.

Jadawalin teku

Wannan shi ne matakin da na fi so ku tsaya a kansa, domin shi mutanen da ba su saba da teku ba suka fi tsallakewa.

A yawancin gaɓoɓin duniya teku na cika yana janyewa sau biyu a yini. Ƙarfin da wata ke jan ruwan teku da shi ne babban dalili, rana na taya shi. Tsakanin cika da cika kusan awa 12 ne da minti 25, shi ya sa lokacin ke matsawa gaba da kamar minti 50 kowace rana. Idan yau ruwa ya kai ƙarshen janyewarsa da ƙarfe 9 na safe, gobe sai wajen 10 saura minti goma. A kwanakin tsayuwar wata da kwanakin da ya cika, cikar ta fi hawa sama, janyewar kuma ta fi yin nisa. Bambancin wuri da wuri ma babba ne: a Mashigin Fundy na Kanada ruwa kan hau har kusan mita 16, a yawancin gaɓar Bahar Rum kuwa bai kai rabin mita ba. Kada ku auna wani bakin teku da wanda kuka taɓa gani.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne ruwan ba ya dawowa da gudu ɗaya. Cikin awa shida da yake ɗauka kafin ya cika, awar farko kamar ba ya motsi. A awa ta uku da ta huɗu kuwa yakan hau kusan rabin duk abin da zai hau. Iyali su zagaya bayan wani dutse da ƙafa a busasshen rairayi, su zauna wasa, su ɗaga kai su tarar hanyar komawa ta zama ruwa har ƙugu, bayansu kuma gangare ne da ba ya hawuwa. Haka ake makalewa.

Ga yadda za ku yi. Ku samo jadawalin tashar ruwa mafi kusa da zangonku, daga intanet ko ofishin gandun daji, ku buga shi a takarda, domin waya na iya ɗaukewa. Ku tabbata agogon jadawalin ya yi daidai da agogon wurin, musamman a ƙasashen da ke canja lokaci da bazara. Ku ja layi a ƙarƙashin lokacin janyewa na kowace rana. Sannan ku gina yinin a kansa: bakin teku daga awa biyu kafin ƙarshen janyewa, a juyo da zarar ruwa ya fara dawowa, daji kuma a sauran lokacin. Idan janyewar da safe take, daji da yamma. Idan da yamma take, daji da safe. Yaron da ya iya karatu a ba shi takardar ya zama mai kula da ita. Za ku ga yadda zai ɗauki aikin da gaske.

Mota da kaya

Mako guda kafin tashi a kai mota wurin makanike, kada a bari sai jajibiri. A duba birki, baƙin mai, ruwan lagireto, batir, fitilu da waifa. A duba tayoyi har da safaya, a tabbata jak da sifana suna nan. Motar da aka cika da kaya tana buƙatar iskar taya fiye da ta kullum, kuma adadin yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin motar. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, a manne da bayan kujeru. Rufin mota na da iyakar nauyin da yake ɗauka, don haka marasa nauyi kawai za a ɗaure a sama. Kada a bar wani abu mai tauri yana yawo a cikin mota, domin birki ɗaya zai mai da shi makami. Abin da za a fara nema shi ake sawa ƙarshe: tanti, rigunan ruwa, tocila da akwatin magani.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kafa tantin a gida tukuna, ku ƙirga sanduna da turaku, ku watsa masa ruwa ku ga ko yana yoyo, in da hali yara su kwana ciki dare ɗaya. A kunna murhun gas a gani. Sabon takalmi a yi ta sawa kwanaki kafin tafiya.

Tanti ya fi yawanku da mutum ɗaya ko biyu: iyali mai mutum huɗu su nemi na mutum shida, mai rufin ruwa da ke saukowa har ƙasa. Dajin gaɓa wuri ne mai laima. Dajin Hoh na jihar Washington yana samun ruwan sama fiye da mita 3 a shekara, kuma ko inda ba a ruwa, raɓa da hazo na jiƙa komai kafin asuba. Sanyin dare daga ƙasa yake shigowa, shi ya sa shimfiɗa mai kauri a ƙarƙashin jakar barci ta fi ƙarin bargo a sama amfani. Tufafin auduga in sun jiƙe ba sa bushewa da wuri, kuma suna zuƙe ɗumin jiki, saboda haka a fifita na ulu da na roba-roba, a riƙa sawa hawa-hawa yadda za a iya cirewa in rana ta yi. Kowa ya sami kayan barci busassu a ƙulle cikin leda, waɗanda ba a taɓawa sai dare. Kowane yaro da ƙaramar jakarsa, da tocilar goshi, da usur a wuya, da riga mai launi mai haske da ake hangowa daga nesa.

A kan hanya

Kowa da bel ɗinsa, ƙananan yara a kujerar da ta dace da girmansu, kuma a tsaya duk bayan awa biyu a taka ƙasa. Yaron da mota ke sa wa tashin zuciya ya ajiye waya da littafi, ya riƙa kallon gaba, a ɗan buɗe masa gilashi. A sha mai tun tanki na rabi. A sauke taswirar yankin a waya tun ana da intanet, a kuma bar wa wani ɗan'uwa jerin wuraren kwana da ranar dawowa. Ba a barin yaro shi kaɗai a mota ko na minti biyar, domin cikinta na ɗaukar zafi da sauri ko da gari da sanyi-sanyi. Kada ku hau rairayi da mota sai inda doka ta yarda kuma motar ta dace. Ku yi nufin isa zango awa biyu kafin faɗuwar rana.

Kafa zango

Kafin a sauke komai, ku dubi sama, ku dubi ƙasa, ku dubi wajen ruwa. A sama ana neman busasshen reshe ko itacen da ya karkata, domin iskar dare na kakkaryo su. A ƙasa ana neman wuri mai ɗan tudu, ba kwari da ruwan sama zai taru ba, ba kuma kan gidan tururuwa ba. Idan kusa da rairayi ne, ku nemi layin ciyawar teku da guntayen itace da ruwa ya bari. Nan ne cikar baya ta tsaya, kuma ta gaba na iya wuce ta. Ku kafa can sama da shi sosai, amma ba kan ciyawar tudun rairayi ba, domin saiwoyinta ne ke riƙe tudun. Inda babu wurin da aka keɓe, a bar tazarar kamar mita 60 daga rafi.

Iska a gaɓa na da al'adarta: da rana takan taso daga teku, da dare ta juyo daga tudu. Ku sa ƙunƙuntaccen gefen tanti ya fuskanci inda ta fi ƙarfi, ƙofa kuma ta ba ta baya. A share duwatsu da ƙirare. A shimfiɗa tamfol, a naɗe gefensa ya zama bai leƙo waje da ƙasan tantin ba, in ba haka ba zai tari ruwan sama ya zuba shi ƙarƙashinku. A fara kafa turakun ɓangaren iska kafin a sa sanduna, don kada tantin ya tashi. Turke a karkace ake buga shi, kansa na kallon nesa da tanti. A ɗora rufin ruwa, a ja igiyoyinsa duka, a tabbata bai taɓa bangon ciki ba. A ƙasa mai yashi turke gajere ba ya riƙo. A ɗaura igiyar a tsakiyar sanda ko jakar da aka cika da yashi, a binne ta a kwance kamar tsawon kamu ɗaya da rabi, a take. Kafofin iska a bar su a buɗe ko ana sanyi, domin numfashin mutum huɗu ko biyar a rufaffen tanti kan zama ɗigon ruwa kafin safiya.

Roba da ruwa a bakin ƙofa don wanke ƙafa, da ƙaramar tsintsiya a ciki, su ne maganin yashi. Takalma a waje ƙarƙashin rufi, a kakkaɓe su da safe kafin a zura ƙafa. Da an gama, a zagaya da yara a nuna musu iyaka: daga wannan itacen zuwa wancan dutsen, bayan nan sai da babba. A nuna musu hanyar bayan gida tun da sauran haske.

Wuta, abinci da ruwa

Ba a kunna murhu, gawayi ko fitilar mai a cikin tanti ko mota, ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane a cikin barci. Ko gawayin da ya yi kamar ya mutu yana ci gaba da fitar da ita. A girka a waje ƙarƙashin tamfol da aka ɗaure sama, 'yan taku daga tanti.

Wutar hira a hura ta a ramin da aka tanada kawai, bayan an tambaya ko an hana wuta a lokacin. Itace a saya a yankin, kada a taho da shi daga nesa, domin ƙwarin da ke kashe dazuzzuka a cikin itacen wuta suke tafiya. Itacen da teku ya turo ya sha gishiri, hayaƙinsa na cutarwa, ba a gashi da shi. Kashe wuta da ruwa ake yi, a zuba, a motsa tokar, a sake zubawa har hannu ya iya kusantarta. Rufe ta da yashi ba kashewa ba ne. Garwashin na nan da zafinsa har washegari, kuma tafin ƙafar yaro ne yakan gano shi.

In da hali a zo da kula biyu, ɗaya ta abin sha da ake yawan buɗewa, ɗaya ta abinci. Ƙanƙara dunƙule ta fi gutsattsari daɗewa, kuma gorunan ruwa da aka daskarar suna aiki biyu. Ɗanyen nama a rufe shi ruf a can ƙasa, a cinye masu lalacewa a kwana biyun farko. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje, awa ɗaya in zafi ya haura digiri 32. A lissafa lita 4 na ruwa ga kowane mutum a yini don sha da girki. Ruwan rafi a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, kuma a ɗebo shi can sama da inda yake haɗuwa da teku, domin tafasawa da tacewa ba sa cire gishiri. Da dare duk abinci, shara da man goge baki su koma mota ko akwatin ƙarfen da aka tanada. A wasu dazuzzukan beyar ce ke zuwa, a wasu birai, a wasu ɓeraye, kuma dabbar da ta saba da abincin mutane ita ce daga baya ake kashewa. Kawa da sauran masu ɓawo kada a tsinta a ci sai an tambayi hukumar wurin, domin wani lokaci suna ɗauke da dafin da girki ba ya kashewa.

Cikin daji

A fara da gajeriyar hanya mai alama, kilomita biyu ko uku, a ga yadda ƙaramin ya yi. Babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Kafin a shiga, a koya wa yara abu guda har su haddace: in ka ɓace, tsaya inda kake, rungumi itace, busa usur sau uku, saurara, sake busawa. Yaron da ya tsaya wuri ɗaya ana saurin samunsa.

A zauna kan turba. Manyan itatuwa na da rauni a inda ba a zato: saiwoyin redwud ba su da zurfi, yaɗuwa suke yi gefe-gefe kusa da saman ƙasa, taku na danne su. Itacen da ya fi kowanne tsawo, wanda ya haura mita 115, masu zuwa kallonsa sun tattake kewayensa har hukumar gandun ta rufe wurin a 2022, ta sa tarar da kan kai dala 5,000.

A ganina daji ya fi daɗi in ba a gaggawa. Ku haɗa hannu ku ga mutum nawa ne za su zagaye kututture. Ku nemi itacen da ya faɗi ya ruɓe, ku nuna musu ƙananan tsirrai da suka fito a bayansa. A yi shiru minti biyu, kowa ya ƙirga kukan tsuntsaye iri nawa ya ji. Ƙaramin littafi da fensir na riƙe yaro fiye da yadda ake zato. Naman kaza da 'ya'yan itacen da ba a sani ba, kallo kawai. Dogon wando a cusa cikin safa, da yamma kuma a duba kowa saboda kaska: bayan kunne, cikin gashi, hammata, ƙugu da bayan gwiwa. In an same ta, a kama ta da hantsaki dab da fata, a ja sama a hankali, a wanke wurin. Ba a ƙona ta, ba a shafa mata mai. In zazzaɓi ko ƙuraje suka biyo baya cikin makonni, a gaya wa likita cewa kaska ta yi cizo.

Bakin teku

A yi iyo a inda akwai masu ceto. A Ostireliya, Birtaniya da Afirka ta Kudu, tsakanin tutoci masu launin ja da rawaya ne wurin da suke gadi, jar tuta kuma tana nufin ba shiga. Duk da haka, babba ɗaya ya zama mai gadin yara, ba waya ba hira, a riƙa karɓa-karɓa duk minti 15 ko 20, a kuma furta da baki cewa yanzu kai ne. Nutsewa ba ta da ihu. Ƙananan yara kada su wuce inda hannu zai kai gare su. Balan-balan na iyo ba rigar ceto ba ce, kuma iskar da ke busowa daga tudu na tafiya da ita cikin teku da yaron a kai.

Babban haɗari shi ne jan ruwa. Ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa yana neman hanyar komawa, sai ya taru a siririyar kafa ya kwarara ciki da gudun da kan fi na gwanin iyo. Abin tsoron shi ne wurin yakan fi ko'ina kama da kwanciyar hankali: wani gibi mai duhu inda igiya ba ta fashewa, kumfa ko ciyawa na tafiya ciki. Ku tsaya a tudu minti biyar ku duba kafin kowa ya shiga. Wanda jan ruwa ya kama kada ya yi kokawa da shi zuwa gaɓa. Ruwan ba ya jan mutum ƙasa, waje yake kai shi. Ya kwanta rigingine ya yi numfashi, ya ɗaga hannu, in yana da ƙarfi ya yi iyo a gefe, daidai da layin gaɓa, har ya fita daga kafar. Wanda ke tudu ya kira masu ceto, ya jefa abin da ke yawo kan ruwa. Iyaye da yawa sun rasu wajen faɗawa ceton ɗansu ba tare da abin da ke yawo kan ruwa ba.

Ko ba a shiga ruwa ba, ba a ba teku baya. A wasu gaɓoɓin, kamar na Oregon, bayan an daɗe ana ƙananan igiyoyi sai wata babba ta haura rairayi da nisa ba zato. Gungumen da ke kwance a jiƙaƙƙen yashi ba wurin wasa ba ne, ruwa kaɗan ke mirgina shi. Ramin da yara ke haƙa kada ya wuce gwiwar ƙaraminsu, kuma a cike shi kafin a tashi, domin yashi na ruftawa. Ba a zama a gindin gangare. Inda ruwa ke da sanyi, yaron da ya fara karkarwa ko leɓensa ya canja launi a fito da shi, a cire jiƙaƙƙun kaya, a naɗe shi. Man kariyar rana mai lamba 30 ko sama a shafa, a sake duk awa biyu da bayan iyo, ko da akwai hazo. Jariri ɗan ƙasa da wata shida inuwa da tufafi ne kariyarsa.

Lokacin janyewa ne ake samun abin da yara ba sa mantawa: ƙananan tafkuna a cikin duwatsu, cike da kaguwa, ƙananan kifi, tauraron teku da dodon koɗi. A sa takalmi mai riƙo, a taka busasshen dutse, kore yana da santsi. A taɓa da jiƙaƙƙen yatsa ɗaya, ba a ɓamɓare abin da ya manne, dutsen da aka ɗaga a mai da shi yadda yake. Inda kunkurun teku ke ƙwai da dare, ba a haska farar tocila. Idan jelifish, wata halittar teku mai taushin jiki da zare-zare masu dafi, ta yi harbi, a wanke da ruwan teku, ba ruwan sha ba, kada a murza, a cire zaren da hantsaki, a tambayi masu ceto irin maganin da ya dace da ta wurin. In numfashi ya fara wuya, asibiti kai tsaye.

Ku kuma gano hanyar tudu tun ranar farko saboda tsunami, wato manyan igiyoyin ruwa da girgizar ƙasa a teku kan tayar. Idan ƙasa ta girgiza da ƙarfi ko ta daɗe tana girgiza, ko teku ya janye fiye da ƙima cikin mintuna, ko aka ji ruri daga cikinsa, ba a jiran sanarwa. A bar komai a hau tudu da ƙafa, kuma ba a saukowa bayan igiyar farko, domin na baya kan fi ta. A tsunamin 26 ga Disamba 2004, wadda ta kashe mutum fiye da 200,000 a kewayen Tekun Indiya, mutane da dama sun bi ruwan da ya janye don kallo.

Ranar ruwa da ranar tashi

Ku bar yini ɗaya babu tsari, saboda ruwan sama ko gajiya. Tamfol babba a sama da 'yan wasanni sun isa. Tsawa kuwa daban take: tanti ba mafaka ba ne, haka gindin dogon itace da filin rairayi. A shiga mota mai rufin ƙarfe a rufe gilashi, a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Ranar tashi a fara da kwashe cikin tanti, a bar rufin ya sha rana yayin da ake karin kumallo. A jera yara kafaɗa da kafaɗa su ratsa wurin suna tsintar duk abin da ba na dajin ba, har guntun igiya da murfin gora. A ƙirga turaku. A taɓa tokar wuta. Idan dole aka naɗe tanti a jiƙe, a baza shi a zango na gaba ko a gida cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba zai yi fumfuna ya lalace. A ɗauraye zif, sanduna da murhu da ruwan famfo, domin gishiri na cin ƙarfe, a wanke mota har ƙarƙashinta, sannan a ajiye jakunkunan barci a sake, ba a matse cikin buhunsu ba.